Izinin Da Muka Manta

Masu iya magana sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dalilin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan karo ke nan, domin a 'yan shekarun nan da wuya a zauna taron marubuta a tashi ba mu ji wani matashi yana cewa zai mayar da labarinsa fim ba. Wannan buri ba baƙo ba ne a cikinmu. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, alƙalami da kyamara suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai. Littafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya koma fim a 1994, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu shi ma ya bi sahu a 1998. Abin da ya canza kawai shi ne, a wancan zamani sai mutum ya yi hayar kyamara da mai ɗauka, yau kuwa kowa da tasa a aljihu. To, mu ma mun taɓa ɗebowa da zafi, kuma bakinmu ya gaya mana. Za mu ba da labarin yadda aka yi, ko Allah Ya sa wani ya kauce wa ramin da muka faɗa.

Mu dai sana'armu koyarwa ce. Hausa muke koyarwa a wata sakandaren maza ta jeka-ka-dawo, kuma mu aka ɗora wa kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantar. Da aka koma karatu bayan kullen korona na 2020, sai muka tarar kujeru da yawa babu masu su. Wasu yaran sun kama tura baro, wasu gyaran waya, wasu sun bi 'yan uwansu kasuwa sun ɗanɗana kuɗi, aji ya fita daga ransu. Abin ya dame mu ƙwarai, har muka zauna muka rubuta ɗan gajeren wasa na jan kunne, labarin yaron da ya watsar da karatu ya dawo yana cizon yatsa. Da yaran suka gwada shi a dandali sai wani a cikinsu ya ce, "Malam, me zai hana mu ɗauke shi a bidiyo, waɗanda suka gudu ma su gani a wayoyinsu?" Muka ga shawara ta yi.

Fitowa uku ce a wasan: aji, gida, da kasuwa. Aji namu ne, gida kuwa wani malami ya ba mu aron tsakar gidansa. Kasuwa ce mai wuya, don haka muka ce ba za mu fafe gora ranar tafiya ba. Mun karɓi takardar shugaban makaranta mai ɗauke da hatimi. Mun aika wa iyayen yara tara da za su fito a wasan takarda, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mun je wata kasuwa da ke can wani ɓangare na birni, nesa da makaranta, don kada 'yan kallo da suka san yaran su hana su sakewa, muka yi gaisuwa wurin sarkin kasuwa da shugabannin 'yan kasuwar, suka amince a rubuce, har suka haɗa mu da wanda zai riƙa kore mana yara. Daga nan muka biya ofishin 'yan sanda na yankin muka sanar da su rana da lokaci. Takardu iri huɗu ke nan, muka jera su a fayil muna ta jin kanmu. A ganinmu ko lauya ba zai fi mu shiri ba.

Ranar wata Asabar da hantsi muka yi ɗaukar. Da aka gama fitowar yara, sai muka ce wa ɗalibin da ke riƙe da kyamara ya zaga ya ɗauko mana hotunan kasuwa, waɗanda za mu cike gurbi da su tsakanin fitowa da fitowa. Yaro ya zaga ya ɗauko kwandunan tumatir, da sikeli, da amalanke, da cincirindon jama'a daga nesa. A ciki kuma ya jawo hoton wani ɗan dako kusa, mutum mai furfura jefi-jefi a gemu, buhu a ka, gumi na bin wuyansa, fuskarsa tar kamar yana gabanka. Da muka zo haɗa fim ɗin muka ga wannan hoto, sai muka ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Akwai wata jimla da muka rubuta wa mai ba da labari, wadda muke alfahari da ita: duk wanda ya guje wa aji, kasuwa na jiransa da gammo. Muka ɗora jimlar a kan fuskar mutumin nan. Tsawon wurin duka sakan bakwai ne.

Ranar bikin raba kyaututtuka aka kafa farin ƙyalle a zauren taro, aka tayar da janareta, aka kunna majigi. Iyaye a gaba, ɗalibai a baya. Ana ta dariya inda muka so a yi dariya, ana tsit inda muka so a yi tsit. Da aka zo kan sakan bakwan nan sai muka ji ƙus-ƙus daga bayan zaure, can sai wani yaro ya kira sunan wani ɗan ajin ƙarshe da ƙarfi ya ce, "Kai, ga babanka!" Dariya ta ɓarke. Muka waiwaya muka hangi yaron ya miƙe ya fita, kansa a sunkuye. Yaro ne mai shiru-shiru, wanda ya fi kowa iya insha'i a ajinmu. Kafin dare fim ɗin ya shiga wayoyin unguwa, domin mu da hannunmu muka tura shi zauren WhatsApp na iyayen yara tun da safe.

Sai daga baya muka san abin da muka taɓo. Mutumin nan ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, yana da shagon kayan masarufi, kulle ya cinye jarin, masu bashi suka ƙarasa sauran. Ya gaya wa iyalinsa ya sami aikin tsaron shagon wani Alhaji a wancan ɓangare na gari. Kullum bayan asuba zai sa kaftaninsa wankakke da hula, ya hau mota biyu, ya je rumfar wani amininsa ya tuɓe ya sa tsumma, ya yi dako har la'asar, ya wanke jiki ya mayar da kaftani ya dawo gida. Nisan da muka zaɓa don kada a san yaranmu, shi ne nisan da ya zaɓa don kada a san shi. Abin da yake tarawa kuwa kuɗin rajistar jarrabawar ƙarshe ne na yaron da ya fita daga zauren taro.

Yaron bai sake zuwa makaranta ba. Da mako ya zagayo muka ji wai ya ce ba zai zauna a kan benci ubansa na ɗaukar buhu saboda shi ba, shi zai je ya karɓi gammon. Wato fim ɗin da muka yi don a dawo da yara aji, shi ne ya kori wanda ya fi kowa son zama a ciki.

Muka shirya muka tafi gidan bayan sallar la'asar, kuma, abin kunya, har da fayil ɗinmu a hammata. Muka yi sallama, ya fito ya shimfiɗa mana tabarma a zaure, ya sa aka kawo ruwa. Bayan gaisuwa muka ce, "Baba, mun zo ne mu ba da haƙuri, amma muna so ka san ba da ka muka yi aikin nan ba, sai da muka nemi izini." Muka miƙa masa takardun. Ya ɗauko tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya, har da na Turancin, bai nemi a fassara masa ko kalma ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana ƙaryar jimlar da muka ɗora a kansa. Da ya gama ya jera su yadda ya same su, ya miƙo mana, ya ce:

"Malam, na ga hatimin shugabanku, na ga na 'yan sanda, na ga na sarkin kasuwa. Sarkin kasuwa ya ba ku kasuwa, ya kyauta. To ni, wa ya ba ku ni?"

Muka rasa ta cewa. Ya ɗan jima sannan ya ci gaba: "Dako ba sata ba ne, ba na jin kunyarsa. Da kun tambaye ni, da na ce ku dakata in wuce, ko in juya muku baya, shi ke nan. Amma ni ya kamata in gaya wa ɗana, da bakina, a ranar da na zaɓa. Wannan ranar kuka ƙwace mini."

Tun daga ranar tambayar nan ta hana mu sukuni, har ta kai mu wurin wani abokin karatunmu da ya zama lauya, ta kuma sa muka shiga karance-karancen da ya kamata a ce mun yi tun farko. Abin da muka fahimta shi ne izinin ɗaukar fim ƙofa uku ne, kowace da mai riƙe da mabuɗinta, kuma mabuɗin wata ba ya buɗe wata.

Ƙofar farko ta hukuma ce, ita ce ta shafi fim ɗin kansa. Duk mai son fitar da fim ga jama'a a Nijeriya zai bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da doka mai lamba 85 ta 1993, domin ta duba shi ta yi masa rukuni. A Kano kuma akwai Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jiha, da aka kafa a 2001, wadda mu marubuta muka sani sarai tun da littattafanmu ma suna ƙarƙashinta. Waɗanda suka ga 2007, lokacin da aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na tsawon watanni, sun san wannan ƙofa ba ta wasa ba ce.

Ƙofa ta biyu ta wuri ce. Titi na kowa ne, ba a hana ɗan ƙasa ɗaga kyamara a kansa don kawai titi ne. Sai dai wurare da yawa da muke ɗauka na kowa ne suna da masu su. Kasuwa tana da shugabanni, tasha tana da ƙungiyar direbobi, unguwa tana da mai unguwa, makaranta da asibiti da masallaci kowanne da mai faɗa a ji a cikinsa. Gidan tarihi irin Gidan Makama yana ƙarƙashin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wurinta ake neman izini. Akwai kuma wuraren da ko kusa ba a yi: Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta haramta ɗaukar hoton wuraren tsaro irin barikin soja ba da izini ba. Mai sha'awar ɗaukar gari daga sama da ƙaramin jirgi mara matuƙi shi ma ya sani tun 2016 Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta ce sai da izininta da amincewar ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro. A wannan ƙofa ce muka ƙare duk ƙarfinmu, muka ɗauka mun gama.

Ƙofa ta uku ta mutum ce, ita muka manta. Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin faɗin albarkacin baki, shi muke yawan ambata a taronmu. Amma kafin a kai gare shi sai an wuce sashe na 34, da ya kare mutuncin ɗan Adam, da sashe na 37, da ya kare sirrin ɗan ƙasa da na gidansa. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya lissafa ɓata suna cikin laifuffuka, kuma bai tsaya ga furucin baki ba, har da abin da aka nuna ido ya gani. Abokinmu lauya ya ce a nan muka fi zurmawa. Hoton gaskiya ne, mutumin ya ɗauki buhu. Amma da muka haɗa shi da jimlarmu sai muka gaya wa duniya cewa wannan bawan Allah ya guje wa karatu ne, alhali ba mu san komai a kansa ba. Hoton gaskiya da magana mai kyau, da aka gama su wuri ɗaya sai suka haifi ƙazafi.

Bayan abin ya faru da mu, a watan Yuni na 2023, aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya. A wurin wannan doka, duk abin da za a iya gane mutum da shi bayaninsa ne, fuska kuwa ita ce kan gaba. Ta ce yarda sai an ba da ita da son rai, shirun mutum ba yarda ba ne, wanda ya yarda yana iya janyewa, yaro kuma sai da amincewar iyayensa ko mai riƙonsa. Dokar ta yi sassauci ga aikin jarida da na ilimi da na fasaha da adabi idan maslahar jama'a ta buƙata, amma sassauci ne mai iyaka, daidai gwargwadon abin da aikin ba zai yiwu sai da shi ba. Mu kuwa babu abin da fim ɗinmu zai rasa da mun tambayi dattijon nan, ko da mun sa ɗaya daga cikin yaranmu ya ɗauki buhun.

Mun san wani zai ce, in haka ne ai ba mai sake ɗaukar kasuwa ko hawan salla, tun da ba za a bi mutum dubu ana neman sa hannu ba. Gaskiya ne, kuma ba abin da muke kira gare shi ke nan ba. Ɗan jaridar da ya ɗauki mai riƙe da amanar jama'a yana cin amanar ba ya jiran izininsa, kuma bai kamata ya jira ba. Taron jama'a daga nesa, inda kowa ɗigo ne a cikin ɗigo, shi ma daban ne. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da kyamara ta ware mutum ɗaya daga cikin taro ta jawo shi kusa, ta mayar da shi misalin wani abu: misalin talauci, ko jahilci, ko cuta, ko bara. Daga wannan lokaci ya tashi daga mai wucewa ya zama ɗan wasa a cikin labarinmu, ɗan wasan da bai karanta labarin ba, ba a biya shi ba, ba a ko gaishe shi ba. Kuma mai karatu ya lura da waɗanda aka fi yi wa haka: almajiri, mai talla, ɗan dako, tsohuwa mai bara, marar lafiya a bakin asibiti. Ba mu taɓa jin an jawo fuskar attajiri a ƙofar gidansa an ɗora mata wa'azi ba. Waɗanda muke ganin ba za su kai mu kotu ba, su muke ɗauka ba tambaya.

Mu marubuta mun saba da wata gata da ba mu ankara da ita ba. Alƙalami yana da mayafi. In muka ga maƙwabci a wani hali muka so mu sa shi a littafi, sai mu sauya masa suna, mu kai shi wani gari, mu ƙara masa tsawo ko mu rage masa shekaru, ya karanta da kansa bai gane kansa ba. Kyamara ba ta da wannan mayafi, yadda ta same ka haka za ta kai ka gaban surukanka. Littafi kuma in an yi kuskure ana iya gyarawa a bugu na biyu. Mu mun cire sakan bakwan nan daga namu kwafin a daren da muka dawo daga gidan dattijon, muka roƙi iyaye su goge nasu, amma ihu ne bayan hari. Magana zarar bunu ce, bidiyo kuwa ya fi ta.

Abin mamaki, duk wannan ba sabon ilimi ba ne ga Bahaushe. Tun muna yara aka koya mana ba a faɗa wa gidan mutum sai da sallama, in an yi sau uku ba a amsa ba a juya. Izinin mai unguwa bai taɓa zama izinin shiga ɗakin kowa ba. Fuskar mutum ma gidansa ce, a nan asirinsa yake, ko da kuwa a tsakiyar kasuwa yake tsaye. Da na'ura ta shigo hannunmu ne muka manta da sallama.

Ba mu daina yin fim da yara ba, amma mun sake hali. Yanzu kafin a kunna kyamara a wurin jama'a sai mun sa an yi shela, an faɗi abin da za a ɗauka da inda za a nuna shi, mu ba da lokaci wanda ba ya so ya kauce. Duk wanda fuskarsa za ta fito a gane shi, sai mun same shi mun gaishe shi, mun karanta masa abin da za a faɗa a kan hotonsa, sannan ya sa hannu a 'yar takardar da muka rubuta da Hausa, boko da ajami, ko ya faɗi yardarsa a gaban kyamara. In yaro ne mu nemi iyayensa, in almajiri ne mu je wurin malaminsa. In ana buƙatar wanda zai fito a matsayin abin tausayi ko abin zargi, ɗan wasa muke sa wa tufafin. Wanda ya ce a'a kuwa, a'arsa ta zauna, ba ma tambayarsa dalili. Wannan duka yakan ƙara mana awa ɗaya ko biyu a wurin ɗauka, ba ya wuce haka.

Dattijon bai kai mu ƙara ba, ko da yake abokinmu ya ce da ya kai da mun ji jiki. Bayan mako biyu shi da kansa ya riƙo hannun ɗansa ya kawo shi har ƙofar ajinmu, cikin kaftaninsa wankakke, ya ce, "Malam, ga ɗanku nan. Na gaya masa in ya bar karatu, to buhunan da na ɗauka sun zama na banza." Yaron ya zauna ya yi jarrabawarsa ya gama. Yana gaishe mu da ladabi duk inda muka haɗu, amma tun daga ranar majigin bai ƙara kawo mana insha'insa mu duba ba, mu kuma ba mu da bakin tambayarsa.

Fayil ɗin yana nan a durowarmu da takardunsa huɗu. Duk shekara in sababbin yara suka shigo ƙungiyar wasa mukan fito da shi mu nuna musu, mu ce su ƙirga, sannan su gaya mana wadda babu. Allah Ya rufa mana asiri, Ya kuma hana mu zama sanadin tonuwar na wani.